Masu Gina Birane Da Kwalin Bola

 Kamar kullum, ga shirin wannan makon a rubuce, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurari muryar ba.

Yau za mu ɗan huta da maganar zaɓe da tsadar rayuwa. Maganar wasa na kawo muku, kuma wasan ma na Turawa. Na san wani zai ce, "Kai kuma ina ruwanmu?" Ka dai ba ni 'yan mintuna.

Akwai wani wasa da ya yi ƙarfi a Ingila da Amurka da sauran ƙasashen Turai, ana ce masa wasan yaƙi na kan teburi. Mutum biyu ne za su zauna, kowa da rundunarsa ta 'yan mitsi-mitsin sojoji na roba ko na ƙarfe, tsayin kowanne bai wuce gaɓar babban yatsanka ba. In soja zai yi tafiya, da tef ake aunawa, inci kaza. In zai kai sara ko ya harba kibiya, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo a ga ko ya samu. Ɗaya daga cikin ɓangarorin da suka fi farin jini shi ne na duniyar almara, inda ake da dodanni da matsafa da dawakai masu fukafukai. Duk wanda ya karanta Gandoki, ko Iliya Ɗan Maiƙarfi, ko littattafan yaƙi na Abdulaziz Sani Madakin Gini, ya riga ya san irin duniyar da nake nufi. Bambancin kawai, su sun sauko da ita kan teburi sun sa mata dokoki.

Babban suna a harkar shi ne Warhammer, wanda ya fito a 1983. Kamfanin da ke yin sa, Games Workshop, wasu abokai uku ne suka kafa shi a Landan a 1975, yanzu hedikwatarsa tana Nottingham. Kada ku ɗauka ƙaramin abu ne fa. A ƙarshen 2024 kamfanin ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan, da sayar da 'yan sojojin roba.

To, sojojin nan ba su ne suka ja hankalina ba. Filin da suke yaƙi a kai shi ne ya ja ni.

Teburin da aka saba amfani da shi ƙafa 6 ne a tsawo, ƙafa 4 a faɗi. Ka ɗauka an bar shi fayau, babu komai a kai. Me zai faru? Mai 'yan baka da bindigogi zai tsaya daga can gefe ya yi ta harbi, kafin mai takubba ya iso an gama da shi. Wasa ya mutu tun bai fara ba. Shi ya sa ake buƙatar gidaje, da ganuwa, da tuddai, da daji, da kogi mai gada ɗaya tak wadda kowa zai yi rububin kamawa. A yawancin wasannin nan akwai dokar gani: ba ka harbin abin da sojanka ba ya hange. Za ka ga babban mutum da gemunsa ya durƙusa, ya kawo idonsa daidai kan ɗan sojansa, yana leƙe ta tagar wani kango don ya ga ko maƙiyi ya fito. Wato inda aka ajiye bango ɗaya yana iya sauya wanda zai ci wasan. Kayan filin suna cikin dokar wasan kanta, kamar yadda ramukan dara suke a dara.

Kuma abin ya daɗe a haka. A 1812 wani Bajamushe, Reisswitz, ya kai wa sarkin Furusiya wani teburi na koyon dabarun yaƙi, mai 'yan fale-falen da aka fitar da tuddai da koguna a kansu, ana iya sauya musu wuri. Ɗansa ya gyara tsarin a 1824 har sojojin ƙasar suka ɗauke shi don horar da hafsoshi. Daga baya marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya fitar da littafin Little Wars a 1913, wanda ya mayar da abin wasan farar hula. Shi da abokansa da manyan littattafai suka fara yin tuddai a tsakar ɗaki, sannan suka koma guntayen katako, suna tsinko rassa daga lambu su zama bishiyoyi. Kun ga tun daga tushe, abin da ke kusa da hannu ake ɗauka.

Yanzu ga inda kuɗi ya shigo. Sojojin da kansu suna da tsada, ko ga Bature. Bayan ka gama tara runduna, sai a ce maka teburi ɗaya yana son gini da daji da tudu kamar goma ko fiye. Akwai wani wasa, Mordheim, da ya fito a 1999, labarin wani birni ne da tauraruwa mai wutsiya ta faɗo masa ta ragargaza shi. A cikinsa ƙananan ƙungiyoyi ne ke farautar juna a lungu-lungu, suna hawa benaye, suna tsallaka katako daga wannan rufi zuwa wancan. In babu kangaye cunkus a teburin, wasan ba ya daɗi sam. Haka ma Frostgrave na 2015, shi kuma birni ne da ƙanƙara ta binne. Wa zai iya sayen birni guda? Sai mutane suka koma kwandon shara.

Abin da zai ba ku mamaki, shi kansa kamfanin ne ya koya musu. Mujallarsu, White Dwarf, ta yi shekaru tana nuna yadda ake gini da kwali. A 1996 har littafi suka buga musamman a kan haka. Akwai ma wata tankar yaƙi da ta yi suna, wadda Rick Priestley, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Warhammer, ya haɗa a ƙarshen shekarun 1980 da robar turaren hammata da cokalin roba. Har yau tsofaffin 'yan wasan suna labarinta. Yanzu kuwa in ka duba shagunansu, gine-ginen roba ne a kwali, an riga an zana komai, kai dai ka biya ka haɗa. Suna da kyau, ban musa ba. Amma a ganina an yi asara a nan, domin in ka ga hotunan gasa sai ka tarar teburi ashirin duk kango iri ɗaya ne. Kuma yaron da ba shi da kuɗi, wanda a da ake ce masa "ɗauko kwali mu nuna maka", yanzu farashi ake nuna masa. Waɗanda suka riƙe tsohuwar hanyar su ne masu tashoshin YouTube irin su Black Magic Craft, kuma a irin wuraren nan ni ma na koya.

To yaya ake yi? Abu na farko ba a hannu yake ba, a ido yake, wato ma'auni.

Sojan wasan tsayinsa kamar milimita 28 ne, yana wakiltar cikakken mutum. In ka yi lissafi, komai an rage shi kusan sau 56. Riƙe wannan lambar, sai ka fara kallon shara da ita. Kwalin taliya ko na sabulu, kaurinsa kamar milimita 4 ne. Ninka sau 56, ka samu kusan santimita 22. Bulo mai inci 9 ke nan! Wato kwalin da ka jefar jiya, a duniyar sojan nan cikakken bango ne. Tsinken sakace mai kaurin milimita 2 ya zama azara. Ƙwayar yashi ta zama tsakuwa mai cika hannu, tsakuwar kuma ta zama dutsen da mutum zai ɓuya a bayansa. Dogon kwalin nan na Pringles, wanda masu wannan sana'a suka mayar kamar abin tsokana saboda kowa da shi ya fara, hasumiya ce mai hawa uku ko huɗu. Wallahi da zarar wannan lissafin ya zauna maka, ka shiga uku, don ba za ka ƙara wuce marfin kwalba ba tare da ka tsaya ka kalle shi ba.

Bari mu gina gida ɗaya tare, rusasshe, tunda shi ne ya fi sauƙi kuma ya fi amfani a wasa. Me ya sa rusasshe? Saboda babu ruwanka da daidaita kusurwa huɗu, in ka yanka a karkace ma ƙarin kyau ne, sannan hannun ɗan wasa yana iya shiga ciki ya motsa sojansa.

Ka yanko bango biyu daga kwali mai kauri, su haɗu kamar kusurwar ɗaki, samansu a yayyage. Kafin ka huda ƙofa, ka tsayar da soja ɗaya a jikin bangon ka auna. Ƙofa tana son kamar santimita 4, domin sojan yana tsaye ne a kan ɗan faifai da ke ƙara masa tsawo. Wanda ba shi da soja, ko wanda ba ya son harka da mutum-mutumi, ya yanki kara mai tsawon santimita 3 ya kafa a marfin lemo, ya wadatar. Hawa na biyu ka sa shi a wajen santimita 6 ko 7 daga ƙasa, kuma ka bar masa faɗin da soja zai tsaya ba tare da ya rikito ba. Daben benen da sandunan askirim ake yi, ko tsinken tsire, a kakkarya bakinsu kamar gobara ta ci.

Abin da ke tona asirin kwali shi ne bakinsa, inda ake ganin ramukan nan masu kama da igiyar ruwa. Duk kyan fentinka, in aka ga wannan an gane kwali ne. Sai ka rufe shi da tef na takarda, ko ka jiƙa takardar tishu da farin gam na kafinta da aka sirka da ruwa ka lulluɓe. Tishun nan in ya bushe yana yin 'yan ƙuraje masu kama da yaɓe, don haka wasu duk bangon suke bi da shi.

In ginin dutse kake so, nemi kiret ɗin ƙwai na takarda. Bayansa yana da kaushi irin na dutse sak. Ka yayyanka shi ƙanana, kamar santimita 1 zuwa 2, ka ɗan rage musu kusurwa, ka liƙa ɗaya bayan ɗaya yadda magini ke jera bulo, kada layin tsaye ya haɗu da na ƙasansa. Aikin yana cin lokaci, ba zan ɓoye muku ba. Hasumiya ɗaya tana iya cinye maka yamma uku. Ni lokacin da nake sauraren rediyo nake yi. In kuma irin gidajen tsohuwar Jamus kake so, masu farin bango da baƙaƙen katakai a gicciye, waɗanda daular mutane ta Warhammer ta kwaikwaya, to tsinken ashana da siraran kwali su ne katakanka. Rufi kuma kwalin man goge baki ko na magani: ka yanka dogayen zirin, ka tsattsaga gefe ɗaya kamar haƙoran mataji, ka fara liƙawa daga ƙasa zuwa sama, kowane layi ya ɗan hau kan na ƙasansa. In ka fara daga sama, sai ka ɓare ka sake. Na yi, na sani.

A wannan matakin abin da ke gabanka muni gare shi. Ga tambarin taliya a bango, ga sunan maganin mura a rufi. Ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, wai digirin ke nan?" Ban ce mata komai ba, don na san saura fenti.

Fentin hawa uku ne. Da farko ka shafe komai da baƙi, ko ruwan ƙasa mai duhu, ka zuba ɗan farin gam a ciki don ya ƙara wa kwalin ƙarfi. Ragowar fentin bango na ruwa yana yi sarai, su ma can da shi da yawa suke amfani saboda arha. Ka tabbata ya shiga kowane lungu. In ya bushe sai ka bi da launin ainihi, toka-toka in dutse ne, amma kada ka cika, ka bar duhun a cikin ramuka. Na ukun shi ne sirrin sana'ar gaba ɗaya, suna ce masa busasshen burushi. Ka ɗebo fenti mai haske, ka goge burushin a tsumma har sai ka ga kamar babu sauran komai a jikinsa, sannan ka riƙa shafa shi sama-sama da sauri. Ɗan abin da ya rage zai kama bakin duwatsu da gefen katakai kawai, ya bar ramuka da duhunsu. Idon mutum yana fassara wannan a matsayin haske da inuwa. A cikin minti biyar kiret ɗin ƙwai zai koma dutsen da ya shekara ɗari biyar ana ruwa a kansa. Ranar da na fara ganin haka, ni kaɗai a ɗaki sai da na yi salati. Daga nan in kana so, ka tsinka baƙin fenti da ruwa sosai ka zuba daga sama ya gangaro, ya bar zanen datti irin wanda damina ke bari a bango.

Sauran kayan filin ba su kai wannan wahala ba. Bishiya, tsohuwar wayar wuta ce za ka feɗe, ka murɗa silallan tare su zama gindi, ka ware su a sama su zama rassa, ganye kuma soson tsohuwar katifa da aka marmashe aka rina kore. Ciyawa garin katako ne daga wurin masu yankan katako, a tankaɗe da rariya a rina. Ganyen shayin da aka gama sha, in ya bushe ƙayau, busassun ganyaye ne a gindin bishiya. Ɓawon itace in ka kwantar da shi ka yi masa busasshen burushi, dutse ne mai hawa-hawa.

Tudu kuma akwai abin lura. Sabon shiga yakan yi tudu mai gangara kamar na gaske, ya yi kyau a hoto, amma duk sojan da aka ɗora sai ya gangaro ya karye. Shi ya sa za ku ga tuddan 'yan wasa hawa-hawa suke kamar matakala, kowane hawa a shafe. Wannan rigima ce da ba ta ƙarewa a tsakaninsu, tsakanin mai son abin ya yi kama da gaske da mai son a iya wasa a kai. Ni ina bayan na biyun. Ginin da hannu ba ya shiga cikinsa, a kabad ya kamata a ajiye shi.

Yanzu bari in faɗa muku inda na sha kashi, don kada ku maimaita.

Kun san farin abin nan mara nauyi da ke zuwa cikin kwalin sabon firij ko talabijin, mai fashewa ƙwaya-ƙwaya? Sunansa folistirin, kuma da shi ake yawan yin tuddai da ganuwa. Na kwana biyu ina sassaƙa ganuwa da shi. Don in yi sauri, sai na sayo fentin feshi na gwangwani. Ina fesawa ina kallo, ganuwata ta fara narkewa kamar an zuba wa sukari ruwa. Sinadarin da ke cikin fentin feshi yana cinye folistirin. Haka sufa gulu, haka gam ɗin masu gyaran takalmi. Maganinsa, ka fara shafe shi da farin gam hawa biyu ya bushe, ko kawai ka yi amfani da burushi da fentin ruwa. Kuma don Allah kada wani ya ce zai sassaƙa shi da wuta ko kyandir a cikin ɗaki a rufe, hayaƙinsa guba ne. Reza kuma a yanka ana nesa da yatsa, a ɓoye ta daga yara.

Na biyu, lanƙwashewa. Farin gam yana tsukewa in yana bushewa. In ka shafa shi da yashi a fuska ɗaya ta kwali, da safe za ka tarar gindin ginin ya lanƙwashe kamar kwanon tuya. Dabarar ita ce ka haɗa kwali biyu, layin ramukan ɗaya ya gicciye na ɗayan, ka danne da abu mai nauyi ya kwana, sannan ka shafa fenti a fuska biyun. Ko ka huta gaba ɗaya ka yi gindin da tsohon faifan CD ko guntun silin. In ginin ya cika rashin nauyi, hannun riga kawai zai ture shi, sai ka liƙa tsakuwa ko tsohon noti a cikinsa.

Na uku kuwa Turawan ba su faɗa mini ba, don ba matsalarsu ba ce sosai. Gam ya ƙare mini, sai na ce ai ga sitaci, na dama na liƙa rufi da shi. Ya kama kuwa. Bayan sati biyu kyankyasai suka yi walima, suka bar mini kango na gaske. Ga gara, ga laimar damina da ke sa kwali ya yi laushi. In za ku ajiye, a sama, a cikin roba mai marfi.

Akwai wata magana da nake so in yi gaskiya a kanta. Kun san ni da surutu a kan shara da magudanan ruwa da leda ta toshe. Zai yi mini daɗi in ce muku wannan sana'a maganin bola ce, amma ƙarya ne. Mutum ɗaya in ya shekara yana gini, da ƙyar ya cinye kwalin da shago ɗaya ke fitarwa a sati. Ƙari ma, kwalin da ka shafe da gam da fenti da yashi ya fita daga layin waɗanda za a iya sake sarrafawa. Masu jari-bola sun fi mu yi wa gari aiki nesa ba kusa ba. Ribar da na gani a wani waje take. Ka koyi awo, ka koyi rage abu bisa ma'auni, ka koyi haƙurin jiran gam ya bushe. Wannan aikin dai shi ne ɗaliban zanen gine-gine suke yi a jami'a in za su nuna samfurin gini, kuma da irinsa aka yi wasu birane da hasumiyoyin da kuka gani a finafinan The Lord of the Rings, ƙanana ne aka gina a ɗakin aiki a New Zealand aka ɗauka da kyamara. Mu kuma da muka taso muna ƙera mota da kara da gwangwanin madara, muna yanka tsohon silifa mu yi taya, hannun ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da ba mu samu ba shi ne wanda zai ce mana kada mu daina in mun girma.

Ƙanwar tawa da ta yi mini dariya, yanzu ita ke tara mini kiret ɗin ƙwai, kuma ta fi ni iya jera duwatsu, don ta fi ni haƙuri. Muna kan gada yanzu, mai baka uku, da kwalin tishu da aka raba biyu. Baka ta tsakiya ta faɗi sau biyu, muna zargin gam ɗin ne bai bushe ba muka ɗora mata nauyi.

A nan za mu dakata. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan maganar katin zaɓe da na yi muku alkawari.